Kaset Uku da Iyakar Gonar Mungadi

Tarihin ɗan Adam gaba ɗayansa, in aka tace shi aka zubar da surutu, tarihin ajiya ne. Daulolin da suka daɗe sun daɗe ne don sun san inda za su sa hatsi da inda za su sa takarda. Waɗanda suka rushe kuwa, in ka bi diddigi, za ka tarar wani ne ya bar abu mai muhimmanci a inda gara za ta kai gare shi. Na shekara ashirin da wani abu ina koyar da tarihi a sakandare a Jega, kuma wannan ce kaɗai ƙa'idar da na ƙago da kaina, ban aro ta daga littafin kowa ba. Saboda haka ranar da na sayi kwamfuta, tsohuwa irin wadda ake kawowa daga ƙetare, mai gilashi da ƙeya kamar tulu, na san ban gama sayayya ba. Saura wurin da zan riƙa ajiye kwafin abin da ke cikinta.

Abin da ke cikin nata ba na wasa ba ne. Shekara biyu kafin mahaifinmu ya rasu, na zaunar da shi a zauren gidanmu na Mungadi da rediyo mai kaset, na ce ya faɗa mini duk abin da ya sani. Ya cika kaset huɗu. Ya faɗi yadda kakanmu ya zo garin, da wanda ya haifi wane, da shekarun da aka sha yunwa, sannan ya zo kan gonar fadama, wadda ita ce abincin gidanmu har yau. Gonar ba ta da takarda. Takardarta bakin Baba ne, kuma a kaset na uku ya bi iyakarta daga kusurwa zuwa kusurwa kamar yana tafe a kanta. Na kwashe wata biyar ina buga maganar a kwamfuta da yatsa biyu. Na gyara masa nahawu, na cire tari da gyaran murya, na datse wuraren da ya saki hanya ya shiga labarin da ba a tambaye shi ba, na ƙara bayanai a ƙasan shafi. Da na gama, abin ya fito kamar littafin da za a iya koyarwa a aji shida.

Kaset ɗin rediyon kuwa aikinsu ya ƙare a wurina. Yayata mace, wadda ke aure a Maiyama, ta ce in ba ta, na ba ta yadda ake ba mutum kwalbar da aka shanye lemonta. Ta naɗe su a tsohon ɗankwali ta sa a cikin kwanonin jerenta.

Zaɓen abin ajiya ban yi shi da garaje ba. Na tsaga takarda na ja layi biyar, na rubuta amfanin kowane da illarsa, kamar mai shirya tambayoyin jarrabawa. Fulofi shi ne na farko, wannan ɗan faifan mai murabba'i da kowa ke yawo da shi a lokacin. Na san halinsa. Na taɓa sa ɗaya a aljihun gaba na shiga motar Birnin Kebbi da rana tsaka, da na isa aka sa shi a kwamfuta, ta ce ba ta san shi ba, ko ina so ta share shi? Faifan sidi ya fi shi ɗaukar kaya kuma yana da kyan gani, amma na lura inda yake ƙarewa. Duk gonar shinkafar da ka bi za ka gan shi rataye a zare yana walƙiya yana korar tsuntsaye. Ban so maganar mahaifina ta ƙare a wannan aikin ba. Filash a lokacin sabon shigowa ne, ɗan ƙarami kamar yatsan ƙuli-ƙuli, kuma ƙanƙantarsa ita ce laifinsa. Abin da zai iya bin wando zuwa wurin wanki bai cancanci amana ba, ga shi duk shagon buga takardu da ya shiga sai ya kwaso cuta ya kawo gida. Akwai kuma faifan waje mai nauyi da ake jonawa da waya, wanda aka ce mini faɗuwa ɗaya tak yake jira.

Layi na biyar wani abokina ne ya cika mini shi. Tare muka yi makaranta, shi ya bi harkar kwamfuta yana aiki a wani ofis a Birnin Kebbi. Ya ce akwai kaset na kwamfuta, kamar na rediyo amma ya fi kauri, kuma manyan ma'aikatu a kansa suke ajiye abin da ba su son ya ɓata. In an kiyaye shi daga zafi da danshi da maganaɗisu, sai ya ga jikokin mai shi. Ofishinsu ya canza kayan aiki an yi gwanjon tsofaffin, ya samo na'urar da ke rubuta shi da kaset uku sababbi a leda. Abin ya kwanta mini nan take. Yana da nauyi a hannu, ba ya walƙiya, ba wanda zai are shi ya sa waƙa, kuma a duk Sabon Garin Jega ba mai irinsa. Ba zan ɓoye ba, wannan na ƙarshen ya yi tasiri.

Wata Asabar da hantsi abokin nawa ya zo gida ya jona na'urar. Ya buɗe folda sabuwa ya sa mata suna gwaji, ya ce in buga wani abu kowane iri mu gani. Da ma ina da niyyar neman hutun kwana biyu a makaranta, sai na buga wasiƙar a nan, na ajiye a cikin foldar. Ya sa kaset, ya nuna mini inda zan danna. Na'urar ta yi gurnani, fitila kore ta kama. Sai ya share wasiƙar daga kwamfutar a kan idona, ya sake danna wani wuri, ga wasiƙa ta dawo ba ko waƙafi da ya ɓata. Na kira maiɗakina ta zo ta gani. Kafin ya tafi ya yi wani bayani a kan yadda zan nuna wa na'urar inda kayana suke, na ce na gane, domin malami ba ya cewa bai gane ba a gaban iyalinsa, ga kuma fura ta iso.

Tsarin da na shimfiɗa bayan nan har yau ina alfahari da shi. Na karanta cewa kwafi ɗaya ba kwafi ba ne, kuma kwafi biyu a ɗaki ɗaya gobara ɗaya ce ke raba su da mai su. Don haka na raba kaset ukun gari uku. Ɗaya yana durowata a Jega, ɗaya a Aliero wurin ƙanin maiɗakina mai fataucin albasa, ɗaya a Maiyama wurin Yaya. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai in sa na Jega in danna, in jira fitila kore. Ƙarshen wata in hau babur in kai sabon kwafi Aliero in karɓo na can, wata mai zuwa in yi haka da Maiyama. Na lura na'urar ba ta cika minti ɗaya take gamawa. Na ɗauki wannan shaidar ingancin kayan zamanin da.

Ƙanin maiɗakin nawa mutum ne da ba ya ganin girman kowa in dai akwai wasa a tsakani, kuma tsakanina da shi akwai. Yana da rudu shida a bayan gari, wato gadajen kara da ake ɗagawa daga ƙasa a yi musu rufin ciyawa, a zuba albasa ta sha iska har lokacin da za ta yi daraja. Kusan duk zuwan da zan yi a can nake samunsa, ya tuɓe riga ya shige ƙarƙashin rufi, yana juya albasa da hannu, yana sunsuna, yana jefo wadda ta fara laushi waje. Kaset ɗina ya ajiye shi a gwangwanin madara a saman kabad, nesa da rediyo kamar yadda na umarta. Wata rana da na karɓa na miƙa masa sabo, ya juya shi a tafin hannu ya dube ni.

"Malam, wanga abu da kaka kawowa duk bayan wata biyu, ka taɓa buɗa shi ka ga mi ke cikinai?"

Na ce ba a buɗe shi, fitila ce ke nunawa.

"Ni ma in na tsaya daga waje rudu lafiya lau shike," in ji shi. "Sai na sa hannu ƙasa nika sanin gaskiya."

Na yi masa bayani a tsanake, yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Na ce albasa tana ruɓewa ne don abu ce mai rai, tana numfashi, tana da ruwa a jiki. Rubutun kwamfuta ba ya numfashi. Abin da aka sa yau shi za a tarar bayan shekara talatin, ba ya tsiro ba ya laushi, kuma yawan taɓa kaset ma rage masa kwana yake yi. Ya saurara har na gama, ya ce to Allah shi ƙara ilimi, ya cika mini buhun leda da albasar da ya tsince, ya ce wannan a ci ta cikin mako, kada in yi mata kwafi.

Yaya kuwa nata salon daban. Da na kai mata kaset na farko na ce maganar Baba ce a ciki, sai ta karɓa da hannu biyu. Da na dawo bayan wata biyu na tarar ta kai wa baduku ya ɗinke shi a jar fata kamar laya, har da igiyar ratayewa. Sai da na sa reza na farke, ina yi tana cewa ita dai ta ga abin ba shi da sutura. A wannan zuwan ne kuma na gano me take yi da kaset ɗin rediyo. Ashe duk azumi sai ta fito da su ta saurara da la'asar tana aikin buɗa-baki, wani lokaci ma ba azumi ba, in dai kewar Baba ta taso mata. In zaren ya saki sai ta sa biro ta naɗe. Da rediyo ya taɓa tauna na ukun, ta aika da shi kasuwar Jega wurin mai kaset ya liƙa ya juye mata a sabo. Na yi mata faɗa a hankali, na ce kowane saurare yana cin jikin zaren, abin tarihi ba a wasa da shi haka. Ta ce to, ɗan boko, ta ji. Ban ga alamar ta daina ba.

Haka muka tafi shekara bakwai. Ban tsallake Juma'a ko ɗaya ba sai wadda na kwanta zazzaɓi, ita ma na rama ranar Asabar.

A shekara ta bakwai damina ta yi ƙarfi. Gulbi ya cika ya haura, fadamar Mungadi ta kwana ƙarƙashin ruwa mako da makonni. Da ruwa ya janye, layin gambar da ke raba gonarmu da ta maƙwabta ya tafi, surin da ke kusurwar arewa ya narke, yashi ya shafe komai ya zama fili ɗaya. Maƙwabtan ba mutanen banza ba ne. Mahaifinsu da namu tare suka yi noma shekara arba'in ba a ji kansu ba, kuma shi ma ya rasu. Amma 'ya'yansa sun haƙiƙance iyaka ta tashi daga giginyar yamma, mu kuma mun san daga ta gabas ta tashi, kuma a tsakanin giginyoyin biyu akwai rijiyar da muke ban ruwan albasa da ita. Wanda ya rasa rijiyar ya rasa noman rani. Lokacin yafa iri ya matso, mai gari ya sa ranar da za a haɗu a gonar a raba.

A cikin daminar nan ne kuma tsawa ta faɗi kusa da gidana a Jega, ta bi waya ta kashe kwamfutar, faifan cikinta ya ƙone. Maiɗakina ta yi salati. Ni ko gezau. Na ce mata wannan ita ce ranar da na shekara bakwai ina shirya wa, kuma ban taɓa jin daɗin wata asara kamar wannan ba. Na samo kwamfutar tafi-da-gidanka, na ɗauko na'urar kaset, sai na ga wayarta mai faɗin baki ce da haƙora ashirin da wani abu, sabuwar kwamfutar kuwa ba ta da ramin da zai karɓe ta. Na zaga masu gyara a Jega da Aliero, kowa ya juya wayar ya ce ya daɗe bai ga irinta ba. Abokina, wanda shi kaɗai zai iya, an tura shi kwas, sai bayan mako uku zai dawo. Ranar mai gari kuwa saura kwana biyar.

Duk da haka na karɓo na Aliero da na Maiyama, na je Mungadi da kaset ukun a aljihu. Aka taru a ƙarƙashin giginyar gabas da safe, mai gari a kan tabarma, dattawa a gefensa, mu da maƙwabta muna fuskantar juna. Da aka zo kaina na fito da su na jera a kan tabarma, na yi bayanin cewa duk maganar marigayi tana ciki, kwafi uku, an ajiye a gari uku. Mai gari ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da kunne, ya ajiye.

"To Malam, a sa shi mu ji."

Na fara bayanin wayar. Na kai wajen haƙoran sai na lura ba mai kallona, kowa ya sunkuyar da kai, irin sunkuyawar da ake yi don a rufa wa mutum asiri. Na gwada faɗar iyakar da ka, tunda ni na buga ta, amma abin da na tuna shi ne giginya, ban tuna wacce ba, kuma babban ɗan maƙwabcin ya ce cikin ladabi ai giginyar ce ake magana.

Yaya tana zaune can gefe da wasu mata biyu. Ban ma san ta zo ba. Ta taso da ƙunshi a hannu, ta durƙusa ta gaida mai gari, ta kwance zane, ga rediyonta da sababbin batura. Ta tura mini shi.

"Ungo, ɗan boko. Na kai shi daidai wurin. Danna."

Na danna. Baba ya yi tari, ya yi gyaran murya, ya ce a rufe ƙofar zaure kaji na shigowa. Dattawa biyu suka ce Allah ya jiƙansa. Ya fara bin iyaka daga kudu, ya zo kan giginya, bai ce ta gabas ba bai ce ta yamma ba, sai ya saki hanya. Ya shiga labarin wata shekara da ruwa ya taɓa cin gambar, shi da maƙwabcinsa suka rasa abin yi, sai suka ɗauko fasasshen dutsen niƙa na uwar maƙwabcin, tana ta faɗa, suka haƙa rami har gwiwa suka binne shi taki goma sha biyu daga bakin rijiya ta wajen fitowar rana, suka ce ko bayan ransu wannan ne iyaka. Ya yi dariya a kan faɗan tsohuwar har tari ya sake kama shi.

Wannan wurin na tuna shi sarai. Na cire shi lokacin da nake bugawa, domin a ganina labarin dutsen niƙa ba shi da alaƙa da batu.

Aka auna taki goma sha biyu, aka kawo fartanya. Ba a kai gwiwa ba ƙarfe ya yi ƙara. Dutsen yana nan, rabi, da santsin niƙa a fuskarsa. Iyakar ba ta kan giginyar kowa, tana tsakani. Rijiya ta faɗo wajenmu, su kuma suka sami wani yanki da muka daɗe muna ɗauka namu ne. Babban ɗan maƙwabcin ya roƙi a maido wurin da aka ambaci kakarsa, aka maido sau biyu. Aka yi addu'a, aka dasa sabuwar gamba a ranar. Ƙanin maiɗakina, wanda ya zo daga Aliero don kallo, ya matso. Ya tattara kaset ɗina uku daga kan tabarma, ya busa musu ƙasa, ya miƙo mini da hannu biyu.

Ban ɗauki abin da ya faru a matsayin faɗuwar tsarina ba, kuma har yanzu ban ɗauka ba. Matsalar waya ce, waya kuwa ana samunta. Da abokina ya dawo na kwashi kaset da na'ura na same shi a Birnin Kebbi. Ya tono wata tsohuwar kwamfuta daga sito mai ramin da ake buƙata, ya jona, na'urar ta yi gurnaninta na da, fitila kore ta kama. Ya sa na Jega, ya sa na Aliero, ya sa na Maiyama mai tabon reza a gefe. Duk ukun suka karantu ba gardama. Ya ce a aikinsa bai taɓa ganin kaset da aka kula da su haka ba, shekara bakwai a zafin ƙasar nan ba ko harafi da ya goge. Saboda haka duk wanda ya tambaye ni yau abin da zai zaɓa, ina gaya masa da ƙarfin gwiwa cewa kaset bai ci amanata ba. Abin da aka ba shi ya riƙe, ya kuma mayar da shi yadda aka ba shi.

Abin da aka ba shi, a kowane ɗaya daga cikin ukun, folda ce mai suna gwaji, da shafi ɗaya a ciki, wasiƙar neman hutun kwana biyu. Hutun ma ba a ba ni ba.